Alƙalami da Fuska: Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Marigayiya Saratu Giɗaɗo a Tarihin Fim ɗin Hausa

Ni mutumin Panshekara ne. A nan aka yanke mini cibiya a 1959, a nan kuma na dawo na zauna bayan na ajiye aikin gwamnati. Duk wanda ya san garin nan ya san ba da wasan kwaikwayo aka san mu ba. Da ruwa aka fara saninmu, domin tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero aka kafa injinan da ke ɗebo ruwan kogin Challawa suna tura shi cikin birni. Daga baya kuma aka san mu da ma'aikatan kamfani, masu sammako a kan kekuna su nufi masana'antun Challawa da Sharaɗa, wasu ma har Bompai. Saboda haka da na ce zan yi rubutu a kan wata marubuciyar fim da wata 'yar wasa, wani abokina da muka yi aiki tare ya tambaye ni cikin raha ko tarihin sarakuna da na fatake ne ya ƙare har na koma ga 'yan fim.

Amsar da na ba shi ita ce dalilin wannan takarda. Na yi shekara 35 ina juya fayil-fayil na gwamnati, kuma ban taɓa ganin fayil ɗin da ya rubuta abin da ke faruwa a bayan zauren Bakano ba: yadda ake cire yarinya daga aji a kai ta ɗaki, yadda ake sakin mace da 'ya'ya tara a ce ta kwashe su, yadda uwar miji ke hana gida zama lafiya. Wanda zai nemi wannan tarihi nan gaba, a littattafan da muka raina da kaset-kaset ɗin da muka zubar zai same shi. Mata biyu na zaɓa domin in nuna haka. Ɗaya ta rubuta irin waɗannan gidaje da alƙalaminta, ɗaya kuwa ta ba da aron fuskarta ga mugayen matan da ke cikinsu, ta kuma ɗauki zagin da ya biyo baya.

Yadda fim ya shigo gidajenmu

Kafin 1990, kallon fim a Kano sha'anin maza ne. Akwai silimu irin su Falas da Eldorado da Plaza da Orion da Marhaba, inda ake nuna fina-finan Indiya da na Sin da na Amurka, amma matar aure ba ta zuwa, budurwar da aka gani a ƙofar silima kuwa ta ɓata sunan gidansu ke nan. Abin da mata ke samu shi ne wasannin kwaikwayo na rediyo da na talabijin, musamman bayan da gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa tashar CTV. Na'urar bidiyo ce ta rushe wannan katanga. A nan Panshekara, ma'aikatan kamfanonin fata da na saƙa su ne suka fara sayenta, yawanci da kuɗin adashi, sai ka ga gida ɗaya ya zama silimar unguwa, matan maƙwabta sun cika tsakar gida bayan sallar isha'i, yara sun hau katanga.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda marigayi Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, kuma daga shi ake fara ƙirga fina-finan Hausa na bidiyo da aka yi domin kasuwa. Ya kamata mai karatu ya lura da lokacin. Tun daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira, masana'antunmu suka fara tangal-tangal. Kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi zama, daga baya atamfar waje ta cika kasuwa. Da idona na ga kamfanonin da ke aiki dare da rana sun koma aikin yini, sa'an nan aka sa musu kwaɗo, ciyawa ta fito a harabarsu. A daidai waɗannan shekaru ne kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai ta bunƙasa. Yaran da ubanninsu suka ci abinci da injin saƙa, su kuma sai suka ci da kyamara da na'urar kwafar kaset da shagon haya. Zuwa 1999 har sana'ar ta samu mujallunta, wato Fim da Tauraruwa, kuma a shafukan Tauraruwa ne Sunusi Shehu Daneji ya raɗa mata sunan Kannywood.

Tun da masu kallon na farko matan cikin gida ne, labarin cikin gida suke so. Wanda ya iya ba da shi kuwa sai wanda ya zauna a cikinsa.

Hajiya Balaraba

An haifi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a birnin Kano a 1959, wato sa'ata ce. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, shugaban ƙasar da aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Mutane da yawa idan suka ji wannan dangantaka sai su ɗauka a kan gadon ilimi ta tashi. Ba haka ba ne. Kamar yadda ita kanta ta sha bayyanawa a hirarrakinta, tana 'yar shekara goma sha uku ko ƙasa da haka aka cire ta daga makaranta aka aurar da ita ga wani mutum da ya haife ta, auren bai kai shekara biyu ba ya mutu, aka dawo da ita gida. Karatun da ta samu bayan wannan a ajin yaƙi da jahilci ta same shi, kuma da sunan koyon ɗinki da saƙa take fita daga gida, da haɗin bakin mahaifiyarta. Ina so malaman makaranta su tsaya a nan su yi tunani kaɗan. Marubuciyar da ake nazarin littattafanta a jami'o'in gida da na waje, ajin manya ne ya koya mata haɗa baƙi da wasali. Shi ya sa har gobe, duk abin da ta rubuta, da Hausa ta rubuta shi.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, a kan wani alhaji mai auri-saki. A 1990 ta fitar da guda biyu waɗanda su ne suka kafa sunanta, Alhaki Kuykuyo Ne da kuma Wa Zai Auri Jahila? Tana cikin jagororin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Waɗannan mutane ba su jira kamfanin ɗab'i na Zariya ya karɓi rubutunsu ba. Da kuɗin aljihunsu suke bugawa, su kai kasuwa da kansu, a sayar a tebur kusa da turare da man shafawa. Wannan ne ya sa wasu masana suka kira abin da suke yi Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu, Malam Ibrahim Malumfashi yana suka, Malam Abdalla Uba Adamu yana karewa.

A wancan lokaci ni ina ɓangaren masu suka, kuma ba zan ɓoye ba. Wajen 1998 na kama babbar 'yata da Wa Zai Auri Jahila? a cikin littafin lissafinta. Na ƙwace, na yi faɗa, na ce ba za a shigo mini da littafin soyayya gida ba. Da dare ya yi na buɗe shi domin in nemo abin da zan kafa hujja da shi gobe. Ban rufe ba sai da aka kira assalatu. Labarin wata yarinya ce Abu, wadda mahaifinta ya cire ta daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya yi karatu ya dawo ya ce ba zai auri jahila ba, aka ɗaura mata aure da tsoho, ta gudu, ta koma karatu da girmanta har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Abin da ya hana ni barci shi ne ina da yaya wadda ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Aji huɗu aka cire ta aka kai ta ɗaki, ni aka bar ni na ci gaba har na zama abin da na zama. Ita ba ta gudu ba, ba ta kuma koma aji ba, har Allah ya karɓi ranta sai dai a karanta mata wasiƙa. Da safe na mayar wa yarinyar littafinta ban ce komai ba, ita ma ba ta tambaye ni ba.

Amma Alhaki Kuykuyo Ne shi ne ya kai Hajiya Balaraba ga fim. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa Alhaji Abdu, mai 'ya'ya tara, wadda mijinta ya auro wata mace mai zaman kanta, Delu, sa'an nan ya sake ta ya kore ta da 'ya'yan. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe su, 'yarta Saudatu ta yi aure mai kyau, shi kuwa Alhaji gobara ta cinye dukiyarsa a kasuwa, amaryar ta ci amanarsa. A ƙarshe dangi suka taru a kan Rabi sai ta koma. Na sha jin malamai mata suna ƙorafi a kan wannan ƙarshe, suna cewa me ya sa marubuciyar ba ta bar Rabi ta ci gashin kanta ba. Ni a ganina a nan ne gaskiyar littafin take. Haka ake yi a Kano, kuma da ta rubuta akasin haka da tatsuniya ta rubuta. A 1998 Abdulkarim Muhammad ya mayar da littafin fim a ƙarƙashin kamfaninsa na FILAPS.

Domin a gane muhimmancin shigowar irin su Hajiya Balaraba, sai an san yadda ake shirya fim a farkon al'amarin. Galibi babu cikakken rubutu. Mai shiryawa yana da labari a ka, ko a 'yan takardu biyu zuwa uku. Idan an je wurin ɗauka sai darakta ya ce wa 'yan wasa, ke kishiya ce, kin tarar ta taɓa miki tukunya, ku fara. Sauran magana daga bakinsu za ta fito. Wannan gado ne daga wasan daɓe, yana da armashinsa, amma shi ya sa fina-finai da yawa na lokacin ba su da ƙashin baya, a fara da gabas a ƙare da yamma, a cike giɓin da rawa da waƙa. Marubutan littafi su ne suka shigo da tsari: a san mafarin rikici, a san inda zai tsananta, a san dalilin da kowane mutum a labarin yake yin abin da yake yi. Duk da haka marubuci shi ne maras galihu a sana'ar. Sau ɗaya ake biyan sa, hotonsa ba ya hawa fasta, mai kallo kuma ba ya tsayawa karanta sunayen ƙarshen kaset. Hajiya Balaraba ta kauce wa wannan ta hanyar kafa kamfaninta na Ramat, ta zama ita ce mai rubutawa ita ce mai shiryawa, yadda ba wanda zai karɓi labarinta ya juya shi yadda ya ga dama.

Aikinta mafi girma a fim shi ne Juyin Sarauta, wanda ya fito a 2017, Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, tsohon abokin tafiyarta Ado Gidan Dabino yana cikin manyan 'yan wasansa. Labarin gidan sarauta ne a ƙasar Hausa kimanin shekara ɗari da suka wuce. Ni da nake ɗan taɓa tarihi, abin da ya fi burge ni shi ne kulawar da aka yi da sutura da kayan ɗaki da yadda bayi da kuyangi da fadawa ke magana, ba a ga agogon hannu ko rufin kwano ya leƙo ba. Fim ɗin ya samu kyaututtuka a bukukuwan fina-finai na ƙasar nan. Malamin da ke koyar da tsarin sarautun gargajiya zai amfana da shi fiye da zanen allo.

Akwai wani abin mamaki da ba zan wuce shi ba. Shekara da shekaru ana zargin marubutan Kano da 'yan fim da kwaikwayon Indiya. Sai ga shi a 2012 wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft, a birnin Chennai na ƙasar Indiya, shi ne ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi, wadda Malam Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya yi. Rabi da tukunyar abincinta suka je Indiya, ba rawa ba waƙa.

Daso

Idan marubuciya ta ƙirƙiro mace irin Delu a takarda, ta gama nata, ta koma gida ba wanda ya san fuskarta. Dole sai an samu wata mai rai da za ta tsaya gaban kyamara ta zama Delun, ta yi harara, ta yi habaici, ta tafi wurin boka, sa'an nan gobe ta shiga kasuwar Rimi sayen kayan miya da wannan fuskar dai. A cikin matan da suka ɗauki wannan kaya babu wadda ta kai marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda duniya ta sani da Daso.

An haife ta a Kano ranar 17 ga Janairu, 1968. Kafin ta shiga fim malamar makaranta ce, kuma wannan ya kamata ya faranta wa masu karanta wannan takarda rai, ko ya ba su tsoro. Ba da ƙuruciya ta shigo ba, tana da shekara 32 ta fito a fim ɗinta na farko, Linzami da Wuta, na kamfanin Sarauniya, a shekarar 2000, wato kamfanin da ya yi Sangaya wanda ya girgiza kasuwa a daidai wannan lokaci. Daga nan sai Nagari da Gidauniya da Mashi da Sansani da wasu masu yawa. Sa'ad da sauran mata ke rububin fitowa a matsayin budurwar da ake yi wa waƙa a cikin furanni, ita sai ta kama layin da ba mai so: muguwar kishiya, uwar miji mai raba aure, matar uba mai azabtar da maraya, ƙawa mai zuga.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa ta fi sauran. A ganina aji ne ya horar da ita. Duk wanda ya tsaya gaban yara sittin ya san yadda ake jefa murya ta kai bencin baya, ya san yadda ake yin shiru a zare ido har aji ya yi tsit. Daso ta iya wannan shirun. Tana iya tsayawa a bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu, ta kalli kishiya daga sama har ƙasa, kafin ta buɗe baki mai kallo ya riga ya tsorata. Kuma da yake a lokacin yawancin magana daga bakin ɗan wasa take fitowa, habaicin nan da gatse da baƙar magana da matan Kano suka riƙa maimaitawa a gidajen biki, kaso mai yawa nata ne. Wato ita ma marubuciya ce ta wata fuskar, sai dai ba a taɓa rubuta sunanta a wannan gurbi ba. Wanda zai yi nazarin karin maganar mata da salon faɗan tsakar gida a Hausar Kano ta wannan zamani, ga taska nan.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yarda cewa wasa ne ba. Idan Daso ta fito sai ta gyara zama ta fara tsaki, tana cewa wannan mata ba za ta gama da duniya lafiya ba. Wata rana ta kira ni gefe ta tambaye ni da gaske ko matar nan tana da miji, in kuwa tana da shi wane irin haƙuri gare shi. Na yi mata bayani cewa aiki ne ake biyan ta, ta ce ai ba a koya wa mutum irin wannan harara. Muna dariya a lokacin, amma a nan nauyin yake. Macen da ta shiga fim a Kano ta riga ta sayi zargi, balle wadda ta fito a muguwa. Shekarar da Daso ta fara, a watan Disamba na 2000, gwamnatin jiha ta dakatar da harkar fim baki ɗaya bayan ƙaddamar da shari'a, sai a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai aka ci gaba da sharuɗɗa. A 2007 aka sake dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, kuma a shekarar ce aka tara littattafan hikaya na Hausa aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Ba na cewa duk ƙorafin da aka yi ba shi da tushe, akwai ɓarna a sana'ar kamar kowace sana'a. Amma wutar ba ta bambanta littafin da ya ɓata tarbiyya da wanda ya hana wani uba cire 'yarsa daga aji ba. Mata da yawa sun bar fim a waɗannan shekaru. Daso ta zauna, ta yi shekara 24 a ciki.

Da tafiya ta yi nisa jama'a suka fara rarrabe matar da rawar da take takawa. Aka gane mace ce mai barkwanci da son mutane, mai jin Ingilishi, wadda yaran sana'ar ke kira Mama. A sarautarsa ta farko, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya ba ta matsayin jakadiya. Wanda ya san gidan sarauta ya san jakadiya ita ce amintacciyar da ke kai saƙo tsakanin sarki da cikin gida, ba a ba wa mai tsegumi wannan aiki. Matar da ta yi suna da kai gulma ɗaki-ɗaki a cikin kaset, ita aka ga ta dace da riƙon amanar saƙo a fada. Da mahaifiyata tana raye da na so in ji abin da za ta ce.

Ranar Talata 9 ga Afrilu, 2024, wadda ta zo daidai da ranar ƙarshe ta azumin Ramadan, Daso ta yi sahur ta koma ta kwanta, ba ta farka ba. Tana da shekara 56. Labarin ya iso mu Panshekara da hantsi, mata suna tsakiyar aikin jajibirin salla, ana kitso ana ƙunshi. Uwargidana, wadda ta yi shekara ashirin tana tsine wa matar nan a gaban talabijin, ta ajiye tsintsiyar hannunta ta zauna a bakin rijiya tana share hawaye da gefen mayafi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Abin da ya rage a hannu

Bayan rasuwarta na ƙudura zan sake kallon Linzami da Wuta domin wannan rubutu. Na je Ƙofar Wambai, inda a da ba ka iya wucewa saboda kwalayen kaset, na tarar da robobi da kayan sawa. Sana'ar ta koma tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Arewa24 da kuma YouTube, yara suna kallo a waya. Littattafan Hajiya Balaraba na farko ma sai da na bi ta hannun wani mai sayar da tsofaffin littattafai kafin na haɗa uku, ɗaya babu bango. Kwafin da na taɓa ƙwacewa yana hannun 'yata a gidan mijinta, ta ce ba za ta ba ni aro ba, wai ta san halina.

A ɗakina akwai kwali guda na kaset-kaset da iyalina suka tara tun 1995, na ƙirga 63, wasu sun yi fumfuna, wasu rubutun jikinsu ya goge. Na ɗauki tsohuwar na'urar bidiyonmu na kai wa wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Panshekara, wanda a da ma'aikacin kamfanin saƙa ne a Challawa. Ya buɗe ta, ya hura ƙura, ya ce kan da ke karanta kaset ɗin ya mutu, kuma rabon da ya ga mai sayar da irinsa ya fi shekara goma. Ya ce in bar masa ita, zai tambaya a Sabon Gari.